Shin 'ya'yan itatuwa na maganin mantuwa? Darasi daga waken Kalaba

Kusan kowane wata sai an ga labarin cewa masana sun gano wani sinadari a 'ya'yan itatuwan magani da ke kaifafa ƙwaƙwalwa. Na baya-bayan nan sun fi fitowa daga Sin da Koriya ta Kudu, inda ake nazarin irin su omija, wani jan ɗan itace da suka daɗe suna haɗa magani da shi.

Ba banza ba ake rububin irin wannan labari. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sama da mutum miliyan 55 ke fama da cutar mantuwa, kuma fiye da kashi 60 cikin 100 na zaune ne a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin ƙarfi.

Sai dai galibin waɗannan gwaje-gwaje a kan ɓeraye ake yin su. Akan ba ɓera maganin da ke jawo mantuwa ta wucin gadi, sannan a ba shi sinadarin a ga ko zai tuna hanya. Daga nan zuwa ƙwaƙwalwar dattijo akwai jan aiki.

Tarihin waken Kalaba ya isa misali. Al'ummar Efik sun san shi da dafi, har sukan ba wanda ake zargi da maita. A 1864 masana a Jamus suka tace sinadarin fisostigmin daga cikinsa, wanda ke hana rushewar asetilkolin, ɗan aiken da ƙwaƙwalwa ke buƙata wajen tuna abu. Amma da aka gwada shi a kan masu cutar Alzheimer, aikinsa bai daɗewa, ga tashin zuciya da amai.

Sai da aka sauya fasalinsa aka samu ribastigmin, wanda Amurka ta amince da shi a 2000. Shi ma sassauta alamomi kawai yake yi, ba ya warkarwa.

Ke nan tsirrai na da abin bayarwa, amma sai an tace, an auna, an gwada a kan mutane. Ko rajistar NAFDAC a jikin kwalbar maganin gargajiya ba shaida ce cewa yana ƙara basira ba.

Idan tsoho a gida ya fara manta sunayen jikoki ko hanyar masallaci, a fara da asibiti. Hawan jini, ciwon suga da ƙarancin bitamin B12 duk suna taɓa ƙwaƙwalwa, kuma likita na iya shawo kansu.