Yara Sun Tafi Makaranta, Mai Reno Ta Yi Me?

Yau ina so mu taɓa wata magana ta cikin gida, wadda ake yawan samun saɓani a kanta daga Agege da Idi-Araba har Sabo ta Ibadan. Maganar ita ce, idan yara sun tafi makaranta, wane aiki ya kamata mai reno ta yi kafin su dawo?

Mun san a nan ba kamar gida Arewa ba ne. Babu kaka a kusa, babu gwaggo, babu ƙanwar da za ta riƙe wa mace yaro. Shi ya sa ake ɗauko mai reno. Lokacin da yaro yake goye ba wanda ke cewa ba ta da aiki. Amma da zarar an sa shi makaranta, daga ƙarfe 8 zuwa ƙarfe 2 gida ya yi shiru, sai uwargida ta fara cewa, "To ni biyan ta zan riƙa yi tana zaune?" Daga nan sai a jibga mata wankin gidan gaba ɗaya, da ɗiban ruwa, da cefane, wani lokaci har da tallan zoɓo ko tsaron shago.

Ni ra'ayina a nan mai sauƙi ne. Duk aikin da ya shafi yaran, nata ne, kuma ba zalunci a ciki. Ta wanke kayansu, ta yi gugar kayan makaranta in an kawo wuta, ta share inda suke kwana, ta shanya katifa idan wani ya yi fitsarin kwance. Ta wanke kwanukansu da gorar ruwansu, ta dafa abin da za su ci in sun dawo, ta ajiye musu kayan Islamiyya don kada la'asar ta yi ana neman hijabi da allo. Idan makarantar ba ta da nisa, ta je ta ɗauko su. Wannan kaɗai, ga wanda ya san aikin gida, ya isa ya cinye mata awa uku ko huɗu.

Amma wankin maigida, da girkin baƙi, da zuwa kasuwa a cikin cunkoson Legas, da sana'ar uwargida, waɗannan ba reno ba ne. Ban ce haramun ne ta yi ba. Cewa na yi sabon ciniki ne. Mu da muka tashi a kasuwa mun san wannan. Idan ka yi ciniki da ɗan dako a Mile 12 ya ɗaukar maka kwandon tumatir biyar, sai ka ƙara masa buhun albasa, ai ba sai an gaya maka ka ƙara kuɗi ba. To me ya sa abin da ba za mu iya yi wa ɗan dako ba muke yi wa 'yar mutane? Don shi zai ɗaga murya a bainar jama'a, ita kuwa ba ta san hanyar tasha ba?

Wani zai ce ai ana ciyar da ita, ana tufatar da ita, ga wurin kwana kyauta a garin da kuɗin haya ke kashe mutane. Gaskiya ne. Amma mu tuna ita ce ke tashi tun asuba ta yi wa yara wanka, ita ce kuma ke tare da su har su yi barci. Idan ba ta huta da rana ba, yaushe za ta huta? Wadda ta wuni a kan wanki, yaranka za ta huce wa gajiyarta da yamma. Hutun awa ɗaya ko biyu da ka bar mata, kai ma ka ci ribarsa.

Sai babbar magana. Duk abin da na faɗa ya shafi babbar mace ce wadda ta zo da yardarta. Idan kuwa 'yar shekara 10 ce da dillaliya ta kawo daga ƙauye, to aikinta a waɗannan awowi shi ne ta tafi makaranta ita ma. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta karatun shekara 9 kyauta ga kowane yaro. Jihar Legas tana da dokar kare haƙƙin yara tun 2007. Dokar yaƙi da fataucin mutane ta 2015, wadda hukumar NAPTIP ke aiki da ita, ta haramta ɗaukar yaron da bai kai shekara 12 ba aikatau. Ko babu doka ma, da wane ido za ka ga ta raka 'ya'yanka ƙofar makaranta ta juyo ta kama tsintsiya?

Shawarata ita ce, tun ranar farko a zauna gaban shaida, a lissafa ayyukan ɗaya bayan ɗaya, a faɗi albashi, da lokacin hutu, da ranar da za ta je ganin gida. In aiki ya ƙaru, kuɗi ya ƙaru. Kuma a tabbatar haƙƙin yana isa hannunta, kada ya maƙale wajen dillaliya. Malamanmu da sarakunan Hausawa na unguwanni su ma su riƙa tunatar da jama'a, don amana ce iyayenta suka ba mu daga nesa, kuma za a tambaye mu.

Allah ya ba mu ikon sauke nauyi. Ina jiran ra'ayoyinku, musamman iyayenmu mata.