Zafin Bazara da Gargaɗin Masana: Ina Matsayin Tawakkali?



Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda yake jujjuya dare da rana, yake kawo ɗari ya kawo zafi bisa hikimarSa. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya ɗan'uwa mai karatu, dalilin wannan rubutu wata magana ce da aka yi a ƙofar masallacin unguwarmu bayan La'asar. Wani matashi ya karanta mana sanarwar hukumar kula da yanayi ta Najeriya, NiMet, cewa za a yi matsanancin zafi a kwanaki masu zuwa, a rage shiga rana, a yawaita shan ruwa. Sai wani dattijo da nake girmamawa ya ce masa, "Yaro, rabu da su. Gobe ta Allah ce, kuma wanda kwanansa bai ƙare ba, rana ba ta kashe shi." Na yi shiru saboda girmansa, amma maganar ta tsaya mini a rai, domin gaskiya ce aka ajiye ta inda ba muhallinta ba.

Mun taso mun san cewa hunturu yakan raka mu har ƙarshen Fabrairu, sannan bazara ta shigo sannu a hankali, ta kai ganiyarta a Afrilu da Mayu. A 2024 kuwa tun a watan Fabrairu NiMet ta fara fitar da gargaɗin zafi. Azumin Ramadan na waccan shekara ya fara ranar 11 ga Maris, ya haɗu da zafin da tsofaffi suka ce ba su saba ganin irinsa ba. Ranar 3 ga Afrilu, ma'auni ya kai digiri 48.5 a garin Kayes na ƙasar Mali. Asibitin Gabriel Touré da ke Bamako ya ba da labarin rasuwar mutum 102 a kwana huɗun farko na Afrilu, alhali a duk watan Afrilun 2023 mutum 130 ne suka rasu a can, kuma da yawa daga cikin mamatan tsofaffi ne. A Hajjin shekarar, fiye da alhazai 1,300 suka rasu, mafi yawansu saboda zafi. Allah Ya jiƙansu da rahama. Masana sun danganta ƙaruwar wannan zafi da hayaƙin kwal da fetur da gas da ake ƙonawa a duniya, wanda yake taruwa a sama yana tsare ɗumin ƙasa.

To, shin sanarwar masana da'awar sanin gaibu ce? A'a. Mutumin da ya auna iska da danshi da ɗumin teku ya ce akwai alamar zafi, daidai yake da manomin da ya ga hadari ya haɗo daga gabas ya ce a kwashe shanya. Dukansu alamomin da Allah Ya shimfiɗa suke karantawa, kuma za su iya dacewa ko su yi kuskure. Boka da ɗan duba su ne masu da'awar abin da babu alama a kansa.

Sannan mu duba yadda Manzon Allah (SAW) ya yi mu'amala da zafi. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa ya yi umarni a jinkirta Azahar idan zafi ya tsananta har rana ta yi sanyi. Abu Zarri (RA) ya ba da labarin wata tafiya da ladan ya so kiran salla, Annabi (SAW) ya yi ta dakatar da shi har suka ga inuwar tuddai. Salla kenan, ginshiƙin addini, aka jinkirta ta daga farkon lokaci don tausaya wa masallata. Haka nan ya ga wani mutum, Abu Isra'ila, yana tsaye cikin rana saboda bakancen da ya yi cewa ba zai zauna ba, ba zai shiga inuwa ba, ba zai yi magana ba, kuma zai yi azumi. Sai ya umarce shi ya zauna, ya shiga inuwa, ya yi magana, ya cika azuminsa kawai. Malik ya kawo a Muwaɗɗa cewa an ga Annabi (SAW) yana zuba ruwa a kansa yana mai azumi saboda ƙishi ko zafi. Wa ya fi shi tawakkali? Sayyidina Umar (RA) ma ya juya daga hanyar Sham da ya ji labarin annoba, ya bayyana wa sahabbai cewa juyawar ita ma cikin ƙaddarar Allah take.

Malaman Malikiyya sun tabbatar cewa mai azumin da ya ji tsoron halaka, wajibi ne ya sha ruwa ya rama daga baya. Saboda haka ya kamata kowa ya san alamomin. Jiki yana sanyaya kansa ne ta hanyar gumi. Idan ruwan jiki ya ƙare, ko danshin iska ya hana gumi bushewa, zafin jiki yakan tashi daga digiri 37 ya haura 40. Idan ka ga mutum yana jiri, maganarsa ta rikice, ko fatarsa ta yi zafi, a kai shi inuwa, a jiƙa jikinsa da ruwa, a yi masa fifita, a garzaya da shi asibiti. Wanda ya suma ba a ɗura masa ruwa a baki. Tsofaffi, jarirai, masu ciki, masu ciwon sukari ko na ƙoda, da leburori da 'yan dako su suka fi shiga haɗari, musamman a ɗakunan rufin kwano da ba sa hucewa ko da dare ya raba.

Ra'ayina shi ne limamanmu su riƙa sanar da irin wannan gargaɗi bayan salla, kamar yadda suke sanar da jana'iza da ɗaurin aure, domin talakan da ba ya karanta Turanci ya fi jin maganar liman. A taƙaita huɗubar Juma'a a ranakun zafi, a tuna da waɗanda suke zaune a kan kwalta a wajen masallaci. Masu ɗaukar leburori su mayar da aiki mai nauyi zuwa sassafe da yamma, kuma kada su rage musu kuɗin aiki. Mai hali ya ajiye randa a ƙofar gidansa, ya tuna cewa Sayyidina Usman (RA) ya sayi rijiyar Ruma ya bar wa Musulmi, kuma Allah Ya gafarta wa wani mutum saboda shayar da kare. Mu dasa darbejiya da tsamiya, mu ji tsoron Allah game da itatuwan da muke sarewa don gawayi. Kowa kuma ya leƙa tsohon da ke maƙwabtaka da shi da tsakar rana, ya ga ko yana da ruwa.

Na yi niyya in sami wancan dattijo a keɓe in karanta masa labarin Abu Isra'ila, domin na san mai son sunna ne, kuma shekarunsa sun sa shi cikin waɗanda gargaɗin ya fi shafa.

Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskure kuwa daga gare ni. Allah Ya sanyaya mana, Ya ba mu damina mai albarka, Ya sanya mu ƙarƙashin inuwar Al'arshinSa ranar da rana za ta kusanto kawunan bayi. Amin.

Wassalamu alaikum.