Wutar fanka ta fanka ce

Ɗan yayata yana haɗa bidiyon biki da na suna a wani ɗan shago nan Birnin Konni. Ya daɗe yana tara kuɗi kafin ya sayi katin sarrafa hoto na hannu, wanda aka kawo masa daga Sakkwato. Wata Asabar na biya ta wurinsa, na tarar ya kwance murfin kwamfuta, yana riƙe da igiyar fitilun LED mai tsawon mita ɗaya. Wai zai jona ta a ƴar mahaɗar da fankokin katin ke shan wuta, don cikin kwamfutar ya riƙa ƙyalli kamar na ƴan wasan da yake kallo a YouTube. Da na yi magana sai ya ce, "Kawu, ai duka volt 12 ne."

Gaskiyarsa, volt 12 ne. Na ma san inda ya samo wannan karatu. A watan Agustan 2023, da Najeriya ta yanke mana kuran bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, samarin Konni da Malbaza da Illela sun ƙware wajen jona fitila a batirin babur da na sola. Ba na raina wannan dabara, domin da ita ɗalibaina da dama suka yi bitar darasi da dare. Amma batir mai ƙarfin baya ne, fitila ɗaya ko biyu ba ta dame shi ba. Shi ya sa yaran suka ɗauka idan volt ya dace, magana ta ƙare.

Saura ampiya, wato yawan wutar da abu ke ja. Na sa shi ya karanta jikin ledar fitilun: wat 14.4 a kowace mita. Na ce ya raba da 12. Ya samu 1.2. To ko mahaɗar fanka ta babban allon kwamfuta, wadda ta fi ta katin girma, yawanci ampiya 1 aka ƙayyade mata. Ta katin kuwa an auna ta ne daidai bukatar fankokinsa, kuma suna nan suna ja. Wato jakin da aka riga aka ɗora wa kaya ne ake son a ƙara wa buhun albasar Galmi. Idan ƴar hanyar wutar ta ƙone, fitila ba ita kaɗai za ta mutu ba, fankoki ma za su tsaya. Katin da ke kai digiri 70 zuwa 80 yana tsakar aiki alhali fanka na juyawa, a ce ya rasa ta a watan Afrilu ko Mayu, lokacin da zafin garin nan ke haura digiri 40, ga ƙura ta toshe ko'ina. Da sa'a ya rage gudu ko ya kashe kansa. Ko ta yaya, bidiyon amaryar da aka yi wa alkawari ba zai fita ranar ba.

Ko da ba abin da ya ƙone, aikin ba zai yi kyau ba. Katuna da yawa na yanzu sukan tsayar da fankokinsu idan babu zafi, a wasu kuma wutar mahaɗar kan sauya da gudun fanka. Sai fitila ta riƙa dusashewa tana dawowa. Ga kuma wasu igiyoyin masu sauya launi ƙwai bayan ƙwai, waɗanda volt 5 suke sha; volt 12 nan take yake soya su.

Na san za a ce wane ya yi kuma lafiya lau. Na yarda, ƙwai uku ko huɗu ba lallai su yi ɓarna ba. Abin da ban gane ba shi ne dalilin wannan kasada, alhali cikin kwamfutar akwai akwatin rabon wuta da igiyoyinsa na SATA ko Molex a sake, ba abin da suke yi. A Molex rawayar waya volt 12 ce, ja volt 5, baƙaƙen biyu na komawar wuta. An yi su ne don ɗaukar kaya irin wannan.

Wani ɓangaren laifin namu ne, mu malaman lakwal. Yaron nan ya iya rabawa tun yana firamare, amma ba mu taɓa miƙa masa cajar waya mun ce ya karanta lambobin jikinta ya yi lissafi da su ba. Ni ma a makarantar horon malamai ba a yi mini haka ba. Yanzu nakan shiga aji da matattun caja biyu ko uku a aljihu, kuma har masu barci a bencin baya sukan miƙe su leƙa.

Shi kuwa ɗan yayata ya jona fitilarsa a Molex, ya naɗe mahaɗin da salatif. Shuɗiya ce, ni dai ba ta burge ni ba. Ya ce wai masu kawo aiki sun fi yarda da kwamfutar da ke haske.