Sharhi: Bayan dashen hanta, wa zai karanta abin da allura ta ɗebo?

A watan Maris na 2025 Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da ƙa'idojin dashen sassan jiki, ƙari a kan tanadin Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014. Muhawarar ta fi karkata ga cinikin ƙoda, alhali akwai wata matsala da ke jiran 'yan Najeriya da ke dawowa daga Indiya ko Masar da sabuwar hanta.

Garkuwar jiki na kallon hantar da aka dasa a matsayin baƙuwa, kuma takan far mata, musamman a watannin farko. Gwajin jini zai nuna cewa hanta na shan wahala, amma ba zai faɗi dalili ba. Toshewar hanyar ruwan matsarmama, kamuwa da ƙwayar cuta, illar magani da ƙin karɓar dashe duk sukan zo da kama ɗaya. Idan aka ƙara maganin danne garkuwa alhali ƙwayar cuta ce, an ƙara wa wuta fetur. Idan kuwa aka yi jinkiri alhali jiki ne ke ƙin hantar, ana iya rasa ta.

Abin da ke raba gardama shi ne a ɗebo ɗan gutsuren hantar a duba. Galibi likita kan soka siririyar allura ta tsakanin haƙarƙarin dama, na'urar hoton ciki na nuna masa hanya. Idan jinin majiyyaci ba ya daskarewa da wuri, ko ruwa ya taru a cikinsa, sai a zura bututu ta jijiyar wuya har cikin hanta, ta yadda jinin da ya zuba zai koma cikin jijiya.

Ɗebowar ba ita ce mai wuya ba. Tun 1997 masana ke amfani da ma'aunin Banff, wanda ke duba kumburi a mashigar jinin hanta, lalacewar hanyoyin matsarmama da kumburin bangon jijiyoyi, a ba kowanne maki daga 0 zuwa 3. Wannan aiki ne na ƙwararren likitan nazarin tsoka wanda idonsa ya saba da hantar dashe, kuma sakamakon da ya kwana mako biyu a hanya ba shi da sauran amfani.

Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ya fara dashen ƙoda tun 2002, don haka tushe yana nan. Ya kamata masu aiwatar da ƙa'idojin su ware wasu asibitocin koyarwa, a horar da irin waɗannan likitoci, a kuma haɗa su da cibiyoyin da suka yi dashen domin aika hoton samfuri ta intanet a rana guda.