Wayar Malami, Aikin Hukuma: Wa Zai Biya?

Wata ranar Lahadi bayan sallar isha'i, muna zaune a tsakar gida ni da iyali muna cin tuwo, sai wayata ta yi ƙara. Saƙo ne a zauren WhatsApp na makarantarmu, ana umartar kowane malamin aji ya cike wani fom da sunayen ɗalibansa da makin jarrabawarsu, ya tura kafin ƙarfe takwas na safe. Na danna fom ɗin ya ƙi buɗewa, domin 'yar datar da ta rage mini ba ta isa ba. Cajin wayar ma saura ƙiris, kwana biyu ke nan ba mu ga wuta ba. Haka na bar tuwon na nufi rumfar mai caji a bakin titi, na biya, na kuma sayi data da kuɗin da uwargida ta ware na cefanen gobe. Ban kwanta ba sai wajen ƙarfe ɗaya na dare. Washegari aka karanto sunayen waɗanda ba su turo ba, kamar masu laifi.

'Yan'uwa malamai, na san da yawanku kun ɗanɗana irin wannan dare. A da, kayan aikin malami hukuma ce ke samar da su: alli, allo, rajistar aji da littafin shirya darasi. Sanarwa kuwa takarda ce mai sa hannu da hatimi, a kawo ta a lokacin aiki, a liƙa a ɗakin malamai. Yau duk waɗannan sun tattaru sun shige cikin wayar da malami ya saya da guminsa, wani ma bashi ya ci. Ba a taɓa zama da mu an yi yarjejeniya a kan haka ba. Abin ya shigo ne a hankali har ya zama tilas, ya koma kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

A duba lissafin. A watan Janairun 2025 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta amince wa kamfanonin waya su ƙara kuɗin kira da na data har zuwa kashi 50 cikin 100. Mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sa wa hannu a watan Yulin 2024 kuwa, sai da malaman firamare na Abuja suka shafe fiye da wata uku suna yajin aiki a 2025 a kan aiwatar da shi. Ga kuma matsalar wuta. Ba mu manta da watan Oktoban 2024 ba, lokacin da yawancin jihohin Arewa suka yi kwana da kwanaki cikin duhu bayan lalacewar manyan layukan lantarki. A irin wannan hali, duk saƙon da ya ce "a turo yanzu" kuɗi ne ake zara daga tukunyar gidan malami.

Bayan kuɗi akwai lokaci. Tun da waya ta zama ofis, an daina tashi daga aiki. Umarni na zuwa da tsakar dare, da ranar hutu, har da ranar salla. Malamai mata sun fi jin jiki, domin wayar da ke ta ƙara da dare tana jawo ƙorafi a gidan aure, ga iyayen yara da suka sami lamba suna kira duk sa'ad da suka ga dama. Dattawanmu da suka yi shekara talatin suna koyarwa, waɗanda idonsu ba ya ganin ƙananan rubutu, an mai da su masu roƙon yara su cike musu fom. Sannan sunaye da makin ɗalibai amana ne. Idan aka ƙwace wayar malami a kasuwa, alhakin bayanan da ke ciki yana kan wa?

Wani zai ce ai zamani ne, idan kiɗa ya sauya dole rawa ta sauya. Gaskiya ne, kuma ba gudun zamani muke yi ba. Waya ta raba mu da dogon layin banki don jin ko albashi ya shigo. Tun 2015 JAMB ta mai da jarrabawarta gaba ɗaya kan kwamfuta, WAEC ma ta fara hakan ga masu zana jarrabawa na ƙashin kansu a 2024. Malamin da bai san na'ura ba zai cuci ɗalibinsa. Maganarmu ita ce wanda ya sa aiki shi ke ba da kayan aiki, shi kuma ke faɗin lokacin tashi. Faransa ta gane haka, tun 2017 dokarta ta tilasta wa manyan ma'aikatu su tattauna da ma'aikatansu a kan 'yancin ajiye saƙonnin ofis bayan an tashi.

Don haka ina ba reshenmu shawara ya kai buƙatu uku gaban hukuma a rubuce. Na farko, a sa alawus na data a cikin albashin duk malamin da ake buƙatar ya yi aiki ta intanet, ko a ajiye wa kowace makaranta kwamfuta da sola domin wannan aiki. Na biyu, duk saƙon da ya zo bayan an tashi a lissafa shi ya iso ne washegari da safe, kada a hukunta kowa a kansa. Na uku, umarnin da ya shafi albashi, canjin wurin aiki ko ladabtarwa ya zo a takarda mai sa hannu kamar yadda aka saba.

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Kafin taron reshe na gaba, kowannenmu ya rubuta abin da ya kashe a data da caji saboda aikin makaranta cikin wata guda, ya zo da shi. Da wannan lissafin za mu shiga ofis.