LAFIYA UWAR JIKI: Iskar da ke buɗe hanyoyin jini

Duk mai aikin garka a Korama ya san abu guda: in magudana ta ƙuntata, ruwa ba ya isa ga shuka sai da wahala. Haka jini yake cikin jikin ɗan Adam. Zuciya ce ke tura shi, jijiyoyi kuwa su ne magudanai.

Cikin kowace jijiyar jini akwai wata shimfiɗa mai laushi, wadda ta fi fatar albasa sirantaka. Wannan shimfiɗa tana yin wata iska da likitoci ke kira nitirik okisaid. Da abu biyu take yin ta: iskar numfashi, da wani sinadari mai suna arjinin. Jiki na yin arjinin da kansa, yana kuma samun sa cikin gyaɗa, riɗi, wake da kifi.

Da zarar iskar ta fito, sai ta ratsa naman da ke kewaye da jijiya. Naman ya saki, jijiya ta buɗe, jini ya wuce cikin sauƙi. Tana kuma hana jini dunƙulewa a hanya. Amma ba ta daɗewa, cikin ƴan daƙiƙoƙi ta ɓace. Dole jiki ya yi ta sabunta ta dare da rana.

Ba a daɗe da gane wannan ba. A 1980 wani masani a Amurka, Robert Furchgott, ya lura cewa in aka kankare shimfiɗar nan, jijiya ba ta saki yadda ta saba. A 1987 aka tabbata iskar nan ce. A 1998 shi da Louis Ignarro da Ferid Murad suka sami lambar Nobel.

Mi ke rage ta? Shan taba, ciwon sukari, yawan gishiri, zama wuri guda, da tsufa. In ta ragu, jijiyoyi su tsuke, zuciya ta yi ta fama. Wannan na cikin hanyoyin da hawan jini ke shigowa, shi kuwa yana iya kaiwa ga shanyewar ɓarin jiki. Zazzaɓin cizon sauro mai tsanani da cutar sikila su ma suna rage ta, don suna fasa ƙwayoyin jini, abin da ya zubo daga cikinsu ya cinye iskar.

Mi ke ƙara ta? Motsa jiki. Lokacin da manomi ke noma, ko mace ke daka, jini na gudu da ƙarfi yana gugar shimfiɗar, ita kuma ta ƙara yin iskar. Ganyaye irin su alayyahu da salati suna ɗauke da wani sinadari da ƙananan halittun cikin baki ke juyawa, har ya zama iskar nan. Ashe amfanin garkunan Magariya da Dungas bai tsaya ga kuɗin kasuwa ba.

Sai dai ganye ba ya tsayawa matsayin magani. Hawan jini ba ya sallama, mutum na iya ɗauke da shi shekaru bai sani ba. Ya kamata kowane magidanci da uwargida su je gidan likita a auna su. In awo ya kai 14 bisa 9, aka sake shi wata rana ya tsaya nan, a bi maganar likita. Wanda aka ba magani kada ya bari don ya ji sauƙi.

Rigakafi ya fi magani.