Gubar dalma: a ba ƙananan hukumomi ƙarfin aiki

A Tsauni ta ƙasar Matamaye, cikin jahar Damagaram, ginin ƙasa ya fi yawa, amma fentin mai ya shiga gidaje: ƙyauren ƙarfe, taga, gado, har bencin makaranta. Wani fentin yana ɗauke da dalma. In ya tsufa ya ɓare, sai ƙurarsa ta bi hannun yaro zuwa baki, ta dakushe ƙwaƙwalwa, ta rage jini. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa dalma, komai ƙanƙantarta a jiki, illa ce. Maƙwabtanmu na Zamfara shaida ne: a 2010, dalmar da ke cikin duwatsun zinariya ta hallaka yara aƙalla 400.

Haraji da kuɗin kasuwa ba za su ishi ƙaramar hukumar karkara sayen na'urar awo ba. Domin irin wannan rauni aka kafa ANFICT a 2008, asusun tallafa wa ƙananan hukumomi. Wajibi ne gomnati ta keɓe musu kaso na musamman: a auna fenti, a sake mai guba, a faɗakar da magina da iyaye kada su kankare shi a bushe. Rigakafi ya fi magani.